Ranar da na mayar wa Gwaggo kwanonta wayam

Tsakanin gidanmu da na Gwaggo, yayar Baba, akwai katangar laka da ba ta wuce kafaɗar namiji ba. A tsakiyarta an bar 'yar ƙofa wadda sai mutum ya sunkuya yake wucewa. Naffaj muke ce mata, kamar yadda Larabawan da muke zaune da su suke cewa. Ta nan ake karɓo garwashi idan wutar wani gida ta mutu, ta nan labari yake bi, kuma ta nan wani kwanon samira mai murfi yake kaiwa da komowa tun ban yi wayo ba. Idan Gwaggo ta yi miya mai daɗi sai ta zuba a ciki ta miƙo. Inna ta juye, ta wanke, ta sa nata abin ta mayar: miyar da ta yi, ko albasa uku, ko dabino, ko sukari a ƙulle cikin takarda. Kowane gida a ƙauyenmu, can kudu da Sinnar a bakin kogi, haka yake yi da maƙwabcinsa. Komai ƙanƙantar abin da ke hannunka, sai ka sa. Mayar da kwano wayam kuwa, ban taɓa ganin wanda ya yi ba, sai ni.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka da aka yaye ni aka miƙa ni ta naffaj ɗin nan. Gwaggo ce ta goye ni, ita ta riƙa yi mini kitso, a ɗakinta na kwana har na gama firamare. Inna tana kunyata irin ta 'yar fari. Ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido cikin ido. Idan za ta aike ni sai ta fuskanci bango ta ce, "A ce wa waccan ta kawo tsintsiya," ko da mu biyu ne kaɗai a tsakar gida. Ni ma ba mai magana ba ce. A makaranta akan manta ina aji sai ranar da aka raba sakamakon jarrabawa. Da na samu shiga jami'a a Wad Madani in karanta lissafi, Gwaggo ce ta rangaɗa guɗa. Inna ta shige madafa, ta daɗe ba ta fito ba.

A shekarata ta biyu aka rufe makaranta na wasu watanni, muka koma gidajenmu. Sati biyu da dawowata, wata safiya Inna tana tsugune gaban kaskon kisra, wainar dawa mai faɗi marar kauri da muke ci da miya, sai ta dafe ƙeya, ta zauna daɓas a ƙasa, jini yana ɗiga daga hancinta kan zanenta. Ta ce hayaƙi ne. Baba bai tsaya jin ta ba, ya nemo raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, muka tafi Sinnar.

Likitar mace ce, ba ta girme ni da yawa ba. Ta auna, ta bar Inna ta huta, ta sake aunawa. Ɗari da tamanin da biyar bisa ɗari da biyar. "Dagat," in ji ta, wato hawan jini. Bayan gwajin jini da na fitsari ta rubuta ƙwaya ɗaya kowace safiya, ta yi bayani da Larabci a hankali.

"Kullum, ya hajja. Ranar da kika ji ciwo da ranar da kika ji garau, duk sai kin sha. A rage gishiri, a rage dunƙulen miya. Fasik kuma a bar shi gaba ɗaya."

Fasik shi ne kifin da ake jibga wa gishiri a rufe a gwangwani har ya nuna. Inna ta ce to, tana kallon silin. Likitar ta juyo wurina ta ce tunda ni ce mai karatu, mu nemi na'urar awo ta gida, in riƙa aunawa safe da yamma, in rubuta, in kawo mata bayan wata guda.

A hanyar dawowa na san abin da ke ran kowa. Mahaifiyar Inna, Kaka, haka ta fara, da ciwon ƙeya. Wata rana ta faɗi a bakin randa, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ta yi shekaru kwance a gadon igiya ƙarƙashin rumfa, bakinta a karkace, ana juya ta safe da yamma don kada bayanta ya ruɓe. Ina ƙarama amma ina tuna yadda take kiran ruwa ba a gane me take cewa. Gadon yana nan a rumfarmu har lokacin, muna shanya barkono a kai. Da muka shiga gida na dube shi, na ce a raina Inna ba za ta hau shi ba.

Kawu, ƙanen Inna da ke aiki a Jidda, ya aiko da na'urar ta hannun wani da ya dawo daga umra. Nan take gidan ya sa mata suna jihaz. Na karanta takardar da ke cikin kwalin sau biyu, na Larabcin da na Ingilishin, don in ga ko sun saɓa. Na ware sabon littafi na ja layuka: rana, lokaci, na sama, na ƙasa, bugun zuciya. Na samo kujera mai jingina daga ɗakin Baba, domin takardar ta ce baya ya jingina, ƙafafu su taka ƙasa, hannu ya kwanta daidai ƙirji. A zauna minti biyar kafin awo. Ba magana, ba shayi, ba jabana, gahawar nan tamu mai citta, sai an gama.

Ranar farko da na naɗa maɗaurin a damtsenta na lura ban san rabon da in taɓa jikin Inna ba. Akwai tabon ƙuna biyu na kaskon kisra kusa da gwiwar hannunta, ban taɓa ganinsu ba. Ta kau da kai wajen katanga. Da maɗaurin ya fara kumbura yana matse ta, ta ce wa katangar, "Wanga abu ba shi da ladabi." Na ce ba a magana. Ta yi shiru. Ina jin wannan ne karo na farko da na ba ta umarni.

Na karɓi gishirin gidan. Miyar kuɓewa ta koma da ɗan abin da yatsu uku suka ɗauka, sai lemun tsami da tafarnuwa da citta don su rufe giɓin. Baba ya ci kwana biyu, a na uku ya sa aka riƙa ajiye masa gishirinsa daban a murfin kwalba. Ƙwayoyin kuwa na bar wa Inna, kati uku masu goma-goma, ta sa a gwangwanin turarenta. Na ga ba daidai ba ne in tsaya kan uwata ina kallon maƙogwaronta. Kowace safiya nakan tambaya, "An sha?" Ta ce wa bango, "An sha."

Sati biyun farko lambobin suka yi ta sauka, har muka ga ɗari da arba'in da biyar. Daga nan suka rikice. Yau ɗari da hamsin, gobe ɗari da saba'in, jibi su sauko, gata su haura. Na canza batir. Na auna kaina sau uku a jere don in ga ko jihaz ɗin ne ya samu matsala, ya ba ni kusan abu ɗaya. Na sake karanta takardar. Ban ga inda na yi kuskure ba, kuma wannan ya fi komai damuna.

Da wata ya cika muka koma Sinnar. Likitar ta daɗe tana duba littafin, tana bin layin da bayan alƙalami.

"Tana sha kullum?"

"Kullum," na ce.

"Kin gani da idonki?"

Na girgiza kai.

"Zan iya ƙara mata ƙarfin maganin," in ji ta, "amma idan ba ta shan wannan yadda ya kamata, ƙarin zai iya kayar da ita ranar da ta sha. Kafin in taɓa komai, koma ki ƙirga ƙwayoyin. Kuma ki duba abin da take ci idan ba kya wurin."

Inna tana zaune a gefe tana gyara mayafinta kamar ba ta jin Larabci.

Na bari aka yi kwana shida da sababbin katunan da muka karɓo. A rana ta bakwai Inna ta tafi gaisuwar haihuwa, na buɗe gwangwanin turaren. Ya kamata a ce ƙwaya bakwai sun tafi, uku sun rage a katin farko. Ukun suna nan. Amma ramukan da aka ɓalle da yatsa uku ne kawai. Sauran huɗun babu su, babu ramukansu, an yanke gefen katin da almakashi, yanka biyu masu kyau. Mai shan magani ba ya yanke kati. Mai aikawa da shi ne yake yankewa.

Kwana biyu bayan haka na gani. Ina ɗaki da littafi a hannu, taga a buɗe, da hantsi. Hannun Gwaggo ya ɓullo ta naffaj riƙe da kwanon samira, warin fasik ya cika tsakar gida. Marigayi mijin Gwaggo masunci ne, kuma duk ƙauyen an san babu mai haɗa fasik kamarta, da man gyaɗa da albasa da tumatir. Inna ta karɓa ta shige madafa. Ta daɗe. Ta fito tana goge baki da gefen zane, ta wanke kwanon, ta shiga ɗakinta. Na ji ƙarar almakashi sau ɗaya. Ta fito, ta jefa wani abu a kwanon, ta rufe, ta miƙa ta naffaj.

Na jira ta zauna, na ɗauko katin na ajiye a tabarma tsakaninmu.

"Inna, wa yake sha?"

Ta dubi akuyar da ke ɗaure a gindin darbejiya. Ta ce wa akuyar, "Mutum shina da ciwon kai, kana da magani a ɗaki, sai ka hana shi?"

"Likita ta ce naki ne ke kaɗai."

"Likita ba ta da maƙwabta?" Ta ja zanenta ta rufe ƙafa. "To a gaya min mi zan sa a kwanon. Wagga miya da anka mayar ruwan wanki? In aika wa yayar mijina ita, ta ɗanɗana ta ce na raina ta? Sukari kullum? Dabino kullum? Sau ɗaya ta ce kanta na sara mata, in ɗan sa mata biyu. Sau ɗaya ta roƙa. Sauran ni na ga dama."

"Fasik ɗin fa?"

"Abin da anka kawo maka da hannu biyu, zubarwa za ka yi?"

Ban taɓa jin ta yi mini magana mai tsawon wannan ba, ko da ta bakin akuya ce. Kuma na gane ni ma da hannuna a ciki. Ni na kwashe gishirin miyarta, ban taɓa tunanin na bar ta ba abin da za ta mayar ba. Ranar da ta aika biyu, sai ta tsallake kwana biyu don katin ya kai ƙarshen wata kada in gane.

Da yamma na je wurin hakim, ma'aikacin lafiya na ɗakin shan maganin ƙauyenmu, na gaya masa ba tare da na ambaci kowa ba. Ya yi dariya, ya ce ya san gidan, ya san kwanon ma. Daga nan ya daina dariya. Ya ce wanda jininsa bai hau ba idan ya sha wannan ƙwayar jiri zai iya ɗibarsa ya faɗi, kuma ba maganin ciwon kai ba ce ko kaɗan. Sai na tuna Gwaggo ta faɗi sau biyu a watan nan wurin wanki a bakin kogi, aka ce iska ce, aka yi mata turare.

Na dawo na kwashe katunan daga gwangwanin turare na sa a gwangwanin kayan lissafina, tare da kamfas da rula, na tura cikin jakar littattafai. Inna tana gani.

Ranar Alhamis kwanon ya sake zuwa. Na riga Inna zuwa naffaj na karɓa. Na juye fasik ɗin a wani kwano na rufe wa Baba. Na wanke na Gwaggo da toka da sabulu, na ɗauraye sau biyu, na goge da tsumma har ya bushe. Na san ina ja wa kaina lokaci ne. Na duba madafa: ga albasa, ga dabino, ga sukari. Da na sa ko ɗaya, da an ce yau babu ƙwaya ne, gobe za a samu, fasik kuma ya ci gaba da zuwa. Na mayar da murfin a kan babu komai.

"Kar a yi haka," in ji Inna daga bayana. Muryarta ta yi ƙasa sosai. "Don Allah kar a yi haka."

Na sunkuya na wuce ta naffaj.

Gwaggo tana rumfarta da ƙawayenta uku, jabana a kan garwashi, ƙananan kofuna a faranti, turare yana tashi. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta yi murmushi ta ce, "Ɗiyata da kanta? Yau littafi ya sake ki?" Ta karɓi kwanon ta ɗaga murfin. Ta duba ciki. Ta duba bayan murfin. Ɗaya daga cikin ƙawayen, mai sayar da man gyaɗa, ta riga ta miƙo tafin hannu, ashe har da ita ake rabawa.

"An manta ne?" in ji Gwaggo.

"Ba a manta ba, Gwaggo."

Mai man gyaɗa ta janye hannunta. "Ikon Allah. Jami'a dai ta koya musu wanke kwano. Dubi yadda shike ƙyalli."

Sauran suka yi dariya, Gwaggo ba ta yi ba. Ta ƙwanƙwasa gindin kwanon da zobenta, ya yi ƙara.

"Uwarki ta aiko ki da wanga?"

"A'a. Ta hana ni. Ni na kawo."

"Ni?" ta ce. "Ni da na goye ki, bayana har yau bai manta fitsarinki ba? Ni za ki kawo wa kwano shina ƙara gaban mutane?"

Na shirya maganata tun ina wankin kwanon, amma da na buɗe baki ta watse. Abin da ya fito lissafi ne, shi kaɗai na iya. Na ce ƙwaya talatin aka ba Inna, na kwana talatin. Duk biyun da suka shigo gidan nan, kwana biyu ne ta yi babu magani. Na ce jininta ya kai ɗari da saba'in ranar Litinin, yana rubuce. Idona yana kan farantin kofuna.

"Hakima!" in ji mai man gyaɗa. "An yi mana hakima a gari, ba mu sani ba."

Sai na ɗago kai na dubi Gwaggo. "Kin san yadda Kaka ta ƙare. Ke kika riƙa taya Inna juya ta." Na ci gaba, "Fasik ɗinki ya fi na kowa daɗi, Gwaggo, shi ya sa ba ta iya bari. Shi zai kwantar da ita. Kar ki ƙara aiko mata. Idan kin aiko, zan sake wankewa in kawo haka."

Gwaggo ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali. "Tashi ki fita," ta ce. "Ta ƙofar titi. Naffaj na 'yan gida ne."

Kafin la'asar ta mirgino tsohuwar ganga ta toshe naffaj, ta jingina tsohon ƙyaure a kai.

Baba ya dawo daga gonar albasa ya tarar da labarin ya riga shi gida. Ya ci fasik ɗin tas, ya wanke hannu, sannan ya kira ni.

"Je ki ba ta haƙuri."

"Zan je in gaishe ta kullum, Baba. Haƙurin kwano kuwa ba zan ba da ba."

Ya dube ni kamar an canza masa ɗiya a Wad Madani. Can ya ce, "To ki dai san da wa kika ja," ya ɗauki butarsa.

Inna ta yi kwana huɗu ba ta ba ni hannunta ba. Nakan ajiye kujera, in ɗauko jihaz, ta wuce ni kamar turmi ne a hanya. A littafin na rubuta "ba a auna ba" sau takwas, domin ba zan cike layi da abin da ban gani ba. Ƙwaya kuwa ban bari ba. Safiyar farko na tsaya a ƙofar madafa da ita a tafin hannu da kofin ruwa. Ta yi shara, ta ba akuya dusa, ta kwaɓa ƙullun kisra. Ina tsaye. Rana ta taso ta same ni a wurin. Daga ƙarshe ta ce wa murhu, "Wagga ba za ta gusa ba," ta karɓa ta haɗiye. Na ce a buɗe baki in gani. Ta zaro ido, karo na farko da ta kalle ni kai tsaye, sannan ta buɗe. A rana ta biyar na fito na tarar da ita zaune a kujerar, ta riga ta naɗe hannun rigarta.

A waje kuma sunan ya bi ni. A bakin famfo, a shagon unguwa, "Hakima ta iso, ku ɓoye gishirinku." Wata ta ce ta ji a jami'a har gaisuwa ƙirga ta ake yi. Da can irin wannan zai sa in yi sati ban fita ba. Amma na riƙa fita. Kowace safiya bayan awo nakan zagaya ta titi, in yi sallama a ƙofar Gwaggo, in durƙusa. "Ina kwana, Gwaggo." Ta ce "Lahiya," tana tankaɗe ko tana tsintar wake, ba ƙari. In tashi in dawo. Wani lokaci a hanyar dawowa hawaye yakan zo, in tsaya a bayan darbejiya ya wuce kafin in shiga gida.

Na karɓo cikon ƙwayoyin da aka yanke, aka yi wata cur ba a tsallake rana ba. A satin ƙarshe na sama bai wuce ɗari da talatin da takwas ba, na ƙasa yana tsakanin tamanin da tamanin da biyar. Likitar ta duba littafin, ta tsaya a kan layukan "ba a auna ba", ta tambaye ni me ya faru. Na ce rigimar gida ce. Ta ce ba za ta ƙara komai ba, a ci gaba a haka, kuma kada a ce an warke a daina.

Bayan wannan da kamar kwana goma, da hantsi, aka yi sallama a ƙofar titi. Gwaggo ce, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta zauna a kujerar awo, ta miƙo hannu.

"Auna ni mu ga ƙaryar. Kwana uku kaina na sara."

"Kin sha jabana?"

"Da mi zan karya, da ruwan kogi?"

"To sai an jira rabin awa."

"Ke!"

"Haka takardar ta ce, Gwaggo."

Ta dubi Inna, Inna ta dubi akuya. Na ɗauko agogo na ajiye a tabarma. Gwaggo ta zauna rabin awar nan tana faɗin duk abin da ta yi mini tun daga yaye, har da ranar da na haɗiye ƙwallon dabino. Da lokaci ya cika na ce yanzu minti biyar ba magana. Wannan ya fi rabin awar yi mata wuya. Jihaz ya nuna ɗari da biyar bisa sittin da biyar. Na sake, ya ba da kusan haka.

"Jininki bai hau ba, Gwaggo. Ƙasa-ƙasa ma yake. Ƙwayar Inna ce ta kayar da ke a bakin kogi."

"Jihaz ɗinki ya lalace," in ji ta. Amma ta yarda na raka ta wurin hakim, ya duba ta, ya ce ta yawaita shan ruwa, ta bar wanki da tsakar rana, kuma ta je Sinnar a duba idonta. Ta dawo da tabarau, tana cewa ita don ɗinki ta karɓa.

Ganga ta ƙara sati a wurinta. Sai aka sanar za a buɗe makaranta, na shiga damuwar wa zan bar wa gwangwanin. Baba yana fita gona tun da asuba. Inna kuwa na san ranar da wani ya dafe kai a gabanta almakashi zai fito. Na koya mata danna jihaz da kanta da kwafe lambobin, amma ƙwayoyin na rasa yadda zan yi.

Ana gobe zan tafi muka ji ana jan ganga. Hannun Gwaggo ya ɓullo da kwanon samira. Na buɗe: ɗanyen kifi ne gasasshe da lemun tsami da barkono, na ɗanɗana, babu gishiri. Inna ta ci. Ta wanke kwanon, ta tsaya riƙe da shi a tsakar gida tana dube-dube. Daga nan ta je tukunya ta zuba miyarta ta kuɓewa, ta rufe, ta miƙa. Jim kaɗan muryar Gwaggo ta tsallako katanga.

"Wa ya wanke kuɓewa ya aiko min ruwan?"

Bayan ɗan lokaci muka ji tana kankare gindin kwanon da cokali. Sai ta sunkuyo ta naffaj, tabarau a hanci.

"Ke, hakima. Ina gwangwanin nan naki? Kawo shi nan. Ke rowar littafi kika iya. Ni zan nuna miki ta gaske."

Na cire kamfas da rula na miƙa mata. Na ce ɗaya kowace safiya, kuma ta ga an haɗiye. Ta ce ba ni zan koya mata tsare mutum ba.

Haka aka yi. Kowace safiya kwanon samira yana shigowa da ƙwaya ɗaya a ciki tana ƙara, Gwaggo tana tsugune a bakin naffaj har sai Inna ta buɗe baki. Mai man gyaɗa ta je roƙo sau ɗaya, ba ta sake ba, kuma har yau ba ta amsa gaisuwata da kyau. Gwaggo ba ta taɓa cewa na yi daidai ba. A kowane biki sai ta nuna ni ta ce ga wadda ta kawo mata kwano wayam gaban baƙi, ni kuma ban taɓa ba da haƙurin ba. Inna takan saci gishirin Baba jefi-jefi, lambobin suna tona ta idan na dawo hutu na buɗe littafin. Gadon Kaka yana nan a rumfa, bana ma barkono muka shanya a kai.